Awa Ɗaya ta Salima

Garzali mai hatsi irin mutanen nan ne da in suka yanke magana a kasuwar Gidan Rumji, sai sun tabbata rumfa uku ta ji. Ran da mushen kolej, wato malaminsu, ya ce masa 'yarsa Salima tana gyangyaɗi a aji, ga jarabawa ta ƙarato, bai tsaya wata-wata ba. Ya karɓi wayarta ya kai wa Jaye mai gyaran waya.

Jaye ya latsa nan ya latsa can, ya juyo masa da fuskar wayar. "TikTok, awa shida kullum."

Garzali ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. Salimarsa, wadda yake yi wa kallon likitar gobe. Ya sa aka ɗaure wayar da lambar sirri: awa ɗaya a yini, daga nan ta kulle kanta. Ya kuma sanar da rumfunan da ke kusa cewa ko hakimi ya roƙa ba zai buɗe ba, alhali ba wanda ya tambaye shi.

A gida ya mayar wa yarinyar wayarta, ya yi mata faɗan da ya tanada tun a hanya. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Shirun nan ya fi komai ƙona masa rai, don a ganinsa amsa laifi ne. Kwana uku ba ya amsa gaisuwarta sai da ka.

Ran na huɗu, bayan la'asar, aka ce Inna Kande na kira. Mahaifiyarsa ce, kuma kiranta ba ya zuwa da alheri in da rana ne. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa. Tana zaune kan tabarma, wayar Salima a cinyarta, Salima kuma a rakuɓe bayanta.

"Wa ya kashe abin ga?"

"Inna, don karatun yarinya na..."

"Ban tambaye ka dalili ba. Ina tsakiyar kallo ya ɗauke. Jiya haka, shekaranjiya haka. Na aza aljanu ne, har hayaƙi na yi mishi."

Garzali ya ɗago kai. "Ke ka kallo, Inna?"

"A'a, akuyata ce. Buɗe."

Mutumin da ya ce ko hakimi, shi ne ya buga lambar, har sau biyu yana kuskure. Wayar na buɗewa sai ga Bilyaminu, autan Inna, wanda ya tafi Aljeriya aikin gini shekara huɗu ke nan. Yana kwaɓa siminti yana taka wata rawa marar kan gado. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, in ya ƙare ya sake komawa farko. Inna ta matso da shi dab da hancinta.

"Ka ga ya rame ta wuya. Wancan watan rigar ga ba ta yi mishi yawa haka ba."

Ashe tun daga dawowar Salima daga lakol, wato makaranta, har a kira isha, aikin ke nan: jika ta riƙe waya, kaka tana auna wuyan ɗanta. Karatun sai abin da ya samu bayan haka.

Kunya ta rufe Garzali. Da suka fito tsakar gida ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba, ya rasa ta inda uba ke fara ba 'ya haƙuri.

"Mi ya hana ki gaya min?"

Salima ta dubi ƙofar ɗakin, ta rage murya.

"Ita ta hana ni, Baba. Ta ce kai ka ci da ita, kai ka sha da ita. In ka ji tana wuni tana kallon wanda ya tafi, za ka ce ba ta ganin wanda ya zauna."