Sitiron Direba

Da za a yi wa Inna aikin rage tumbi, sun lissafa mata abin da za ta bari: maiƙo, zaƙi, cin gaggawa. Babu wanda ya ambaci sitiro, ɗan bututun robar nan na zuƙar abin sha. Sai ranar sallama wata nas ta jefo maganar tana naɗe zanin gado, wai ban da zuƙa da shi, iska yake tura wa ciki, cikin kuwa yanzu bai fi kofin shayi ba.

Mijinta, wanda har ita take kira Direba, tun da shanyewar ɓarin jiki ta karkata masa baki ta ɗauke masa magana, da sitiro yake shan komai. Kuma ba ya sha sai ta fara zuƙa. Da farko don ta ji zafin shayin ne, daga baya abin ya zame musu hira. Ta zuƙa, ta yatsine fuska ta ce sukari ya yi kaɗan, ya yi dariya da rabin bakinsa, sannan ya karɓa.

Da ta dawo gida ta miƙa masa kofi, ya dubi sitiron, ya dube ta, ya juya wa bango fuska. Autarsu ta zuƙa a madadinta, ya ture kofin. Da cokali ake ɗura masa ruwa, rabi na bin haɓarsa. Leɓensa ya fara tsagewa.

Inna ta ja jiki ta koma asibiti, ba ta ko bi layi ba. Ta gaya wa likita ita ba don kyau ta kwanta aka yanka ta ba, don gwiwoyinta su iya ɗaukarta ne ta riƙa ɗaga mijinta. Wa ya tambaye ta yadda ake shan ruwa a gidanta? Likitan ya ba ta haƙuri, ya ce in ciki ya warke za a duba.

"Ɗan nan, ƙishirwar tasa ma sai ta jira ka duba?"

Ta juya ta fita, ba ta tsaya jira ba.

A gida ta haɗa shayi, ta zauna bakin gadon. Ta tsoma sitiron, ta toshe samansa da babban yatsa, ta ɗaga, ta saki ɗigon a harshenta. Zaƙin har ya yi mata yawa.

"Direba, sukarin nan ya yi kaɗan."

Ya daɗe yana kallonta. Dariyar ba ta zo ba, amma ya buɗe gefen bakin da ke motsi. Ta riƙe masa kofin, tana sauraren ƙarar zuƙar har ƙasan kofi, nata bakin yana motsi tare da nasa.