Ranar da Na Raka Direba Wankin Haƙori

"Riƙe min kansa, maƙwabci," in ji matar Direba.

Na riƙe. Kan ba nauyi, kamar na jariri. Ta jiƙa auduga tana goge masa haƙora ɗaya bayan ɗaya, har na can ciki da ba mai gani. Ƙanjamau ta cinye komai a jikinsa, haƙoran nan kaɗai ta bari.

"Ango, buɗe baki mana," ta ce. "Yau kuma jan aji ake min?"

Ya yi murmushi. Ni na fara zuwa zance wurinta, shekara guda ina sintiri, kafin ya zo da motarsa da dariyarsa. Ga shi kwance ko cokali ba ya iya ɗagawa, amma shi ne ango, ni ne mai riƙe kai.

Ta gaya wa kowa a wajen wankin haƙori ya ɗauko ciwon, wai ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi aka sa masa. Ni na raka shi ranar. Da idona na ga ma'aikaciyar ta zaro ƙarafan daga tukunyar tururi, ta sa sabuwar safar hannu. Na kuma san garuruwan da yake yada zango, da masu dafa masa abinci a can.

Ranar Talata da hantsi ya cika.

A zaman makoki yayanta ya matso kusa da ni, mutane na ji.

"Kai ka raka shi. Tsakaninka da Allah, a can ya ɗauko?"

Maganar ta zo min har bakin harshe. In na faɗa, ta daina kiransa ango har abada. Ta ƙasan labulen zaure na ga ƙafafunta sun tsaya cak.

"Na raka shi, Yaya," na ce. "Amma a waje na jira."

"Allah ya isa tsakaninmu da su!"

Na tuna ma'aikaciyar nan, baiwar Allah, da ba ta yi laifin komai ba. Na sunkuyar da kai. Ƙafafun suka juya ciki.

Da la'asar na shiga mayar da tabarmi. Ba ta ji sallamata ba. Tana zaune bakin gado tana ninke rigunansa, kowace sai ta kai ta hanci kafin ta ajiye.