Rigar Baban Hairat

Wasilatu tana tsugune a tsakiyar aji, tana cusa busassun ganyaye cikin ƙafar wani tsohon wando, sai Hairat, wata 'yar ajin, ta zo ta ɗora mata riga a cinya.

Lokacin kaka ya shigo garin Silver Spring na ƙasar Turawa, bishiyoyin harabar makarantar sun yi jajawur suna ta zubar da ganye. Mutanen nan kuwa in kaka ta zo ba a zauna lafiya ba: a jera kabewa a taga, a liƙa ganye a takarda, a haɗa mutum-mutumi irin na korar tsuntsaye a gona, alhali ko karan gero ɗaya babu a unguwar. Madam Pauline, malamar ajin, ta ce kowane yaro ya kawo tsofaffin kaya daga gida, a haɗa mutum-mutumin ajinsu. Wasilatu ce mataimakiyarta, don haka cusa ganyen ya faɗo kanta.

Ta ɗaga rigar. Ta fata ce, ruwan ƙasa, gwiwar hannun hagu ta koɗe saboda jingina da tagar mota. An cusa hula a aljihu. Ƙamshin turaren ne ya fara dukan hancinta, nan take ta gane mai ita.

"Ei, Hairat! Ina kika samo wannan?"

Yarinyar ta kalle ta kawai.

Rigar Boubacar ce, mahaifinta, direban tasi mutumin Maradi. Bene ɗaya suke zaune da Wasilatu. A farkon zafin bana, wata huɗu ke nan, ya yi haɗari a kan babban titin 270, aka kai gawarsa gida Maradi a jirgin sama. Ranar da jirgin ya tashi, matarsa Rakia ta riƙe hannun Wasilatu tana kuka. "Don Allah, Yaya Wasila, kar ki gaya mata. Yarinya ce. Mun ce tafiya ya yi." Wasilatu ta yi alkawari, don a zangon Kumasi ma, inda ta taso, haka ake yi wa yara. Amma a gida yaro yana ganin tabarmin zaman makoki, ya ji a bakin 'yan'uwa, a hankali ya gane. A nan kuwa bango huɗu ne da taga. Hairat ta tsaya a tagar tana jiran tasi, har maganarta ta ɗauke gaba ɗaya. Madam Pauline ta riga ta ce in wata ya ƙare ba ta furta komai ba, za a mayar da ita wata makaranta ta masu buƙata ta musamman, can nesa, inda ba wanda ta sani.

Wasilatu ta yi ƙoƙarin tura rigar ƙarƙashin tebur, amma idon Madam Pauline ya riga ta.

"Kai, madalla! Hairat ce ta kawo? Yau ce fa rana ta farko da ta sa hannu a wani abu. Sa masa, Wasila, sa masa."

To me za ta ce? Ta sa masa. Yara suka yi ta ihu suna ɗebo ganye da hannu bibbiyu, har ƙirjin ya cika, kafaɗu suka tashi. Aka cika farar rigar matashi aka yi kai, aka ɗora hular. Madam Pauline ta miƙo mata alƙalami ta zana ido da baki. Nan kam Wasilatu ta ƙi. Ta ce tawadar ta bushe, ta jefa shi aljihunta. Aka zaunar da shi a kujerar lilo kusa da taga, fuskarsa fara fat, ba ido ba baki.

Bayan abincin rana aka rage fitila, yara suka kwanta hutawa, Madam Pauline ta tafi ofis. Wasilatu tana goge tebur ta ji wata 'yar murya.

"Baba, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Tsumman ya kuɓuce mata. Hairat ce durƙushe gaban kujerar, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda ake gaida manya. Yarinyar da ko da can Turanci take mayarwa in an yi mata Hausa! Ta yi shiru daidai tsawon amsar gaisuwa.

"Lahiya lau," ta ce. Ta sake yin shiru, sannan ta yi 'yar dariya.

Tsikar jikin Wasilatu ta tashi. Ganyen cikin rigar ya yi wani motsi, shuuu, kan ya ɗan karkata wajen yarinyar. Ganye ne yake lotsawa, ta gaya wa kanta, ai ni na cusa shi da hannuna. Duk da haka ta kama karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ƙafarta ta ƙi zuwa ta janye yarinyar. Wannan muryar ce suka yi wata da watanni suna roƙon Allah ya dawo da ita.

A haka Madam Pauline ta shigo. Ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa.

"Tana magana! Bari in kira mahaifiyarta."

"Madam, kar ki kira ta. Takaba take yi, ba ta fita sai dole. Kuma rigar nan..."

"Wannan ai dole ce," in ji Madam Pauline, waya tuni a kunnenta.

Lokacin tashi yara suka watse da kabewarsu ta takarda. Rakia ta iso a ƙafa, cikin dogon hijabi, tana haki. Daga bakin ƙofa bayan kujerar ta fara gani: kafaɗun nan, hular nan, mutum zaune yana kallon titi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ta dafa bango.

Hairat ta juyo. "Inna," ta ce, "Baba ya ce ba tafiya ya yi ba."

Madam Pauline ba ta jin Hausa, amma murmushinta ya gushe. Rakia ta juya wa Wasilatu ido jawur.

"Yaya Wasila, ke kika gaya mata? A nan lakwal, cikin aji, gaban mutane?"

"Wallahi tallahi, Maman Hairat, bakina bai furta ba."

"Ba Anti ba ce," in ji Hairat. Ta ɗora hannu a gwiwar rigar da ta koɗe. "Ya ce ki daina ɓoye rigar a ƙarƙashin matashinki. Sanyi ya kusa, ki ba wanda ba shi da ita."

Wasilatu ta san an raba kayan Boubacar sadaka tun ranar addu'ar bakwai, da hannunta ta ɗaure su. Ba ta taɓa sanin an rage ɗaya ba. Wataƙila yarinyar ta daɗe tana jin kukan uwarta ta bango, ta haɗa abin da kanta. Wataƙila. Ta riƙe wannan tunanin da ƙarfi.

Rakia ta sulale ta durƙusa a kan shimfiɗar yara, ta kama fuskar 'yarta.

"Gaskiya ne. Babanki ya rasu, Hairat. Yana Maradi, an rufe shi kusa da kabarin Kaka. Ba zai dawo ba. Ki yafe mini."

Yarinyar ta gyaɗa kai. Sai ta buɗe baki ta fasa kuka, kuka mai ƙarfi wanda aka ji har ƙarshen baranda, tana kiran uwarta tana tambaya, da Hausa da Turanci a cakuɗe. Madam Pauline ta tsaya tana share hawaye. Ta raɗa wa Wasilatu cewa maganar canjin makaranta a bar ta.

Hairat da kanta ta zuge rigar. Ganye ya zubo ƙasa, kafaɗun suka faɗa, hular ta gangara ƙarƙashin tebur. Rakia ba ta iya taɓa rigar ba.

"Yaya, ki kai masallaci ran Juma'a."

Suka tafi, Madam Pauline ta raka su. Wasilatu ta share ganyen ita kaɗai, ta ɗauko rigar za ta ninke. Ajin da sanyi, don ba a fara kunna na'urar ɗumama ɗaki ba, rana kuma tun safe ba ta leƙo ba. Amma wuyan rigar da ɗumi, kamar yanzu aka tuɓe ta.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ninke ta, ta sa hular a aljihu yadda ta same ta.

"Allah ya jiƙanka, Baban Hairat," ta ce a hankali. "Ta sani yanzu. Ka tafi."