Abin da Maƙirgin Ya Ce

Tun safe Dattijo yake zaune gaban kwamfutarsa yana kallon lamba ɗaya, kamar in ya daɗe yana kallonta za ta ji kunya ta ragu. Ba wani tsufa ya yi ba. Shi kaɗai ne mai furfura a ofishin, sunan ya bi shi, har Manaja da shi yake kiransa.

Kamfanin nasu injin tsince hatsi yake haɗawa. Hatsi na zubowa ta wani kwararo, kyamara na kallo, in ta ga tsakuwa sai wani ɗan bututu ya hure ta gefe. Manhajar da ke gane tsakuwar Dattijo ne ya rubuta ta, kuma a tsohon allon lantarkin injin lafiya lau take aiki. Da aka koma sabon allo mai sabuwar firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, sai injin ya fara nawa. Kafin iska ta fito, tsakuwa ta riga ta shige buhu.

A cikin firosesar akwai wasu 'yan maƙirga, aikinsu ƙirga abin da ke faruwa: wannan ya ƙirga bugun agogo, wancan ya ƙirga umarnin da aka cika. Dattijo ya nemi a ƙirga masa sau nawa firosesar ke tsayawa tana jiran bayani daga ma'adana, inda allon ke ajiye bayanai. Lambar da ta fito ta ce kullum a tsaye take, ba ta taɓa aikin komai ba sai jira. Laifin irin wannan na mai manhaja ne, kowa a ofishin ya sani.

Makonni ya kwashe yana gyara. Ya sake jera bayanan, ya rage girman hotunan, ya warware abin da ya gina da hannunsa ya sake ɗinkewa. Lambar ko gezau.

Manaja bai ɗaga murya ba da ya zo. Ya jingina da ƙofa ya ce, "Dattijo, ni ban san karatun nan naku ba, lamba nake gani. In ba ta sauka ba kafin a kai injin gwaji, zan miƙa aikin ga 'yan kwangila. Kai sai ka riƙe mana gyaran tsofaffin injuna."

"To, ranka ya daɗe."

Gyaran tsofaffin injuna a ɗakin baya ake yi, kusa da inda ake tara kwalaye. Wanda ya shiga ɗakin nan ba a sake tambayarsa ra'ayi.

Bayan Manaja ya fita, haushi ya sa Dattijo ya soma goge manhajar sashe-sashe, yana gwadawa. Ya cire mai duba launi, lamba na nan. Ya cire mai karanta kyamara, tana nan. Ya yi ta cirewa har ya rage saura wani ɗan zagaye, umarni mai ta maimaita kansa, da ba ya taɓa ma'adana ko kaɗan, abin da ko ɗan koyo ba zai kira manhaja ba. Ya gwada. Maƙirgin ya ce firosesa na jira, kullum, ba hutu.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Jiran me? Wa ta aika? Ya fara tunanin ko kansa ne ya taɓu, ko kuwa shekarun nan duk bai taɓa fahimtar aikin ba, sa'a ce kawai take bin sa.

Ya ɗauki kwamfutar ya tsallaka ɗakin haɗa alluna, inda ƙaurin dalma ke kama maƙogwaro. Ƙanwar matarsa na can sunkuye kan wani allo da madubin ƙara girma a goshinta. Ita ce injiniyar da ta zana sabon allon, kuma shi ya kawo takardunta kamfanin.

"Mijin Yaya, yau kuma me aka yi maka a gida? Fuskar nan kamar an hana ka abinci."

"Ke dai duba min nan."

"Ba gaisuwa? Zan kai ƙara."

"Ki kai. Yayarki ta fi ki tausayina."

Ta ɗaga madubin ta duba. Ta karanta 'yan layukan, ta dubi lambar, ta sake karantawa.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan."

"Wannan ai ba ya komai."

"Shi ne na ce ki duba."

"To me yake jira?"

"Da na sani da na zo shaƙar hayaƙinki?"

Ta ce wataƙila allon ne ya lalace, suka ɗauko wani, lamba ɗaya. Ta ce ko zafi ne, suka juyo da fanka kansa. Ya ce ko wayar da ke haɗa su ce, suka canja. Ta kashe ta kunna, ta sake kashewa ta kunna, ita kanta ta san ba dabara ba ce. Shayin da ta haɗa ya huce a kan tebur.

Can Dattijo ya ce, ba don ya gano komai ba, don dai ya rasa abin faɗa, "Wai shi maƙirgin nan, wa ya gaya masa abin da zai ƙirga?"

"Manhajar tushe. Ita ke fara farkawa in an kunna allo, ita ke raba maƙirga ga mai nema."

"Ita kuma wa ya gaya mata?"

"Fayil ɗin bayanin allo. Nan ake rubuta mata komai: ma'adana kaza ce, ƙofa kaza na nan, abu kaza maƙirgi kaza ke iya ƙirga shi. Ba ta bincike. Abin da aka rubuta mata shi ne gaskiya."

"Wa ya rubuta?"

Ta ɗan jinkirta. "Ni."

Ta buɗo fayil ɗin, ta bi layukan da ɗan yatsa. Jiran ma'adana, maƙirgi na sifili. Ta buɗo littafin masu ƙera firosesar a gefe, ta nuna masa jadawalin maƙirgan da ake iya ba wa aiki. "Ga shi, na farkonsu na ba shi. Mu kuwa daga sifili muke fara ƙirge. Daidai ne." Ta koma shafin baya don ta ƙara tabbatar masa, sai yatsan ya tsaya.

Maƙirga ukun farko, na sifili da na ɗaya da na biyu, ba a ba su aiki, da aikinsu aka haife su. Na farko a jadawalin da ta bi, a cikin firosesar shi ne na uku. Na sifili kuwa bugun agogo yake ƙirgawa, ba ya sanin komai sai shi.

"Ban gane ba," in ji Dattijo.

"Duk sanda ka tambaya sau nawa aka jira, manhajar tushe kuma sai ta miƙo maka agogo."

"Wato makonnin nan, agogo nake ƙoƙarin ragewa gudu."

Ba ta yi dariya ba. Ta gyara lambar, suka kunna. Ɗan zagayen da ba ya komai ya nuna kusan babu jira. Sabuwar manhajarsa, wadda ya sha wahalar ɗinkewa, ta nuna jira kaɗan. Ya lalubo tsohuwar da ya ajiye, ta nuna ƙasa da haka ma. Suka kai allon wajen injin suka zuba hatsi. Tsakuwa ta wuce abinta kamar jiya.

Tare suka shiga wurin Manaja. Dattijo ya soma kewaye-kewaye, wai an sami ɗan saɓani tsakanin littafi da allo, ƙanwar matarsa ta katse shi.

"Ni na rubuta lambar ba daidai ba, ranka ya daɗe. Manhajarsa ba ta da laifin da aka ɗora mata."

Manaja ya dube ta, ya dubi Dattijo. "To lambar da kuke nuna min duk kwanakin nan ƙarya ce?"

"Gaskiya ce," in ji Dattijo. "Amma ta wani abu daban."

"Wannan ta yau fa?"

"Ita ce ta abin da muka tambaya."

"Kun tabbata?"

Suka dubi juna. Akwai sauran layuka a fayil ɗin da ba wanda ya bi tukuna.

"Injin ya daina nawa?"

"Bai daina ba."

"To mene ne ke damunsa?"

"Ba mu sani ba, ranka ya daɗe. Da mun ɗauka mun sani."

Manaja ya dafe goshi ya daɗe a haka. Ya jawo waya, ya dubi lambar 'yan kwangila, ya kifa ta a kan tebur.

"In na kira su, me zan ce su gyara?" Ya ɗago kai. "Dattijo, koma kan aikinka. Ke kuma ɗauko kujerarki ki zauna kusa da shi, ku bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada wanda ya sake kawo min lamba sai ya san ta mene ce."