Fankar da Na Yanke wa Waya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zana tsani ɗaya a kan allo. Ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a makarantar koyon aikin jinya, kuma duk zangon farko sai mun zo kan darasin buƙatu: matakin ƙasa ci da sha da barci, na samansa tsaro, sai ƙauna da dangi, sai mutunci, can ƙololuwa kuma mutum ya zama abin da zai iya zama. Nakan ce wa ɗalibai sai an taka na ƙasa ake hawa na sama. Su kwafa, ni in goge, alli ya ɓata mini hannun riga.

A bana Baba ya dawo gidana da zama. Shekara arba'in da uku ya yi yana gyaran kayan lantarki a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene: rediyo, dutsen guga, fanka, duk abin da ke da filogi. Da hannunsa ya fara rawa, ya kuma faɗi sau biyu a bakin shagon, sai Yaya ya yanke hukunci ta waya daga garin da yake aiki: a rufe shago, Baba ya huta. Yanke hukunci ba ya yi wa Yaya wuya, tunda ba shi zai ɗauko katifa ba.

Na ba Baba ɗakin da ya fi samun iska. Na sa an kafa masa ƙarfen dafawa a banɗaki. Magungunansa na jera su a ɗan akwati mai gida bakwai, kowace rana da gidanta. Maigidana kullum sai ya zauna da shi sun saurari labarai. A ganina ba abin da na rage.

Sai Baba ya daina cin abinci.

Ba fushi ya yi ba. In na kai masa tire sai ya ce, "Sannu, Uwata, Allah ya yi albarka," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ɗebi cokali biyu, ya rufe. In na dawo aiki in tarar da shinkafar ta sandare. Likita ya auna komai, ya ce bai ga ciwon da zai hana shi ci ba. Na canza miya, na rage gishiri, na ƙara, na dafa irin abin da marigayiya Mama take dafa masa. Cikin wata biyu sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huda biyu.

Yaya ya kira. "Ke fa halin mutane kika karanta. Ki lallashe shi mana."

"Yaya, zo ka lallashe shi na kwana uku, ni in samu in runtsa."

"Kin san yadda aikina yake."

Na sani. Na ajiye wayar na koma kan wanke-wanke.

Wata Asabar ina guga, dutsen ya mutu a hannuna. Na girgiza shi, na zare filogi na mayar, shiru. Na ja tsaki na ce sai dai sabo. Ashe Baba yana tsaye a bakin ƙofarsa.

"Miƙo shi nan."

"Baba, bar shi, ka huta."

"Na huta har gadon bayana ya gaji. Miƙo."

Ya sa na sauko da jakar kayan aikinsa daga saman kabad. Awa uku ya yi a kan aikin da a da minti goma ya ishe shi. Sukudireba tana zame masa, ƙananan ƙusoshi suna gangarawa ƙarƙashin kujera, ni ina rarrafe ina tsinto su. Can sai 'yar jar fitilar dutsen ta kama. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Akwai sauran abincin nan?" Ya cinye tas, har ya nemi shayi.

Washegari ya koma cokali biyu.

Ranar Litinin a aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malama, in majinyaci yana da abinci a gabansa ya ƙi ci fa, a wane mataki yake?" Na tsaya da alli a hannu. Na ce mata tsanin nan taswira ce kawai, mutane ba duka suke bin sa a jere ba. Ta tambaya ko hakan za ta rubuta a jarrabawa. Na ce a'a, ta rubuta abin da ke allo.

Daga ranar na zama mai barar matattun kaya. Na bi abokan aikina ofis-ofis: tocila, butar dafa ruwa, rediyon maigadi. Ina shiga motar haya da su a cinya, mutane suna kallona. Ranar da akwai gyara Baba ya ci, ranar da babu ya rufe kwano. Wasu kayan na zamani a manne suke da gam, ba ƙusa ko ɗaya, sai ya yi ta juya su ya ajiye, wannan ranar ko shayi ba ya sha. Mako uku kayan suka ƙare.

Ranar Alhamis da safe, kafin in fita, na ɗauki almakashi na buɗe gindin fankar falo na datse waya ɗaya. Na leƙa na ce, "Baba, fankar nan ta tsaya."

Da na dawo da yamma, fankar tana tsakiyar falo tana juyawa. Tiren yana gefe, ba a taɓa ba.

"Uwata, zauna."

Na zauna da jakata a kafaɗa.

"Na ga wayar da ɓera ya ci, na ga wadda zafi ya narkar, na ga wadda tsufa ya karya. Wannan almakashi ne."

Ko ƙarfin yin ƙarya ban samu ba. Na ce, "Baba, ba ka cin abinci. Ban san me zan yi ba kuma. Na gaji."

"Na san kin gaji. Ina ganin kina shigowa da tire ƙafarki a kumbure, ni kuwa tun safe ban tsinana komai ba sai kallon silin. Ta ina abincin zai wuce?" Ya nuna fankar. "Amma kar ki ƙara ba ni abin wasa kamar jariri. Wannan ya fi zaman banza ciwo."

"To me kake so, Baba?" Sai a lokacin na lura tun zuwansa ban taɓa tambayarsa ba.

"Tebur. A ƙofar gida. Da kwali a rubuta ana gyara."

Yaya ya yi ta faɗa a waya, wai mutane za su ce mun kasa riƙe mahaifinmu. Na bar shi yana magana, na je na taya maigidana fitar da teburin kicin.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Wata rana ba mai zuwa. Baba bai mayar da jikinsa ba, ramar ce dai ta tsaya. Ni kuma aiki ya ƙaru mini, don duk inda ake son hannu mai tsayawa cak, sai ya jira in dawo in riƙe masa waya yana liƙawa, takardun ɗalibai suna can suna jirana a ɗaki.

Jiya maƙwabciyarmu ta zo karɓar injin markaɗenta, tana mita wai kwana huɗu abu ɗaya. Daga falo na ji Baba ya ɗaga murya, yana ce mata da ba ta cika shi har wuya tana danna shi kamar mai jin haushinsa ba, da bai ƙone ba. Ta ba shi amsa, ya mayar mata. Suna cikin musun barci ya ɗauke ni a kan kujera, ko takalmi ban cire ba.