Kiɗan da Noreen Ta Roƙa

Glenda ta ture takardar kiɗan gefe tun kafin ƙanenta ya gama shimfiɗa ta a kan tebur.

"Wannan ma a'a."

"Haba Yaya, ko kallon kirki ba ki yi mata ba," in ji Wendell.

"Na gani. Kiɗan biki ne. Wajen mara lafiya za mu, ba walima ba."

Tun suna da ƙuruciya suke kiɗa tare, ita da haf, doguwar garayar nan da ake jinginawa a kafaɗa, shi kuma da celo, babban gogen da ake rungumewa a zaune. Babu cocin da ba su shiga ba a Duluth da kewayenta, ko ɗaurin aure ko jana'iza. Ita ke zaɓen abin da za a kaɗa, shi ya ce to. Mutumin kirki ne Wendell, irin kirkin da ke ba mutum haushi, ita kuwa Allah ya yi ta da baki. Ga su yau dukansu sun yi furfura, ba wanda ya sake hali.

Amma yau ba aikin haya ya kawo shi gidanta ba. Matarsa Noreen tana kwance a gidan jinyar da ke bakin tafki, inda ake kai waɗanda magani ya gaza a kansu. Likita ya ce kwanaki suka rage. Abu ɗaya ta roƙa, su zo ranar Lahadi su yi mata kiɗa a ɗakinta.

Wendell ya kurɓi kofinsa da ya huce, sannan ya zaro wata tsohuwar takarda daga ƙasan jaka. Glenda ta gane ta tun daga nesa. Kiɗan nan ne mai tafiyar hawainiya da suka yi a wata coci, ranar da Noreen, tana ɗalibar aikin jinya, ta fara ɗora ido a kansa daga kujerar baya.

"Sauran duk kewaye-kewaye nake yi," ya ce. "Wannan ta ce tana so."

"Ya yi tsawo. Za ta gaji."

"Ita ta roƙa, Yaya."

"Ɗakin ƙarami ne, ba zai yi daɗi ba. Mu nemi mai sauƙi."

Mai kallo hannun makaɗiyar haf yake gani, ba ruwansa da ƙafa. Alhali a gindin haf ɗin, ƙarƙashin dogon siket ɗinta, akwai feda bakwai da ake takawa, huɗu a dama, uku a hagu, kuma duk inda kiɗa ya sauya murya sai ƙafa ta riga yatsu isa. Tsakiyar wannan kiɗan kuwa yawo take yi daga murya zuwa murya, ƙafar dama ba ta hutawa. Ita kuma Glenda tun sanyin bara ciwon suga ya kashe mata wannan ƙafar. Tana takawa, tana tafiya, amma ba ta jin abin da ke ƙarƙashinta. A bikin ƙarshe da suka yi ta kuskure feda, sai ta ɗora laifin a kan sanyi, wai ya sassauta tsirkiya. Daga nan ta dinga zaɓo musu kaɗe-kaɗe marasa kwana, tana cewa su ne masu daɗi. Tsoro take ji, don in ta faɗa da bakinta, shi ke nan ta gama kiɗa.

Wendell ya ɗago ya dube ta.

"Ki faɗi gaskiya kawai. Dama ba ki taɓa ƙaunarta ba. Tun ranar da na aure ta kike ganin ta raba ki da makaɗinki. Yanzu ma da take kan gargara ba za ki bar mata abu ɗaya ba?"

Maganar ta soke ta, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, ko da yake tsohuwar gaskiya ce da ta daɗe da wucewa. Ta ga dai ranar wanka ta zo, ba sauran ɓoyon cibi. Ta cire takalmin dama, ta miƙa ƙafar, ta juya fuskarta wajen taga, inda ƙanƙara ke sauka a kan motarsa.

"Taka min ƙafa."

"Me?"

"Ba ka ji ba ne? Na ce ka taka, auta. Da ƙarfi."

Ta ji motsin kujerarsa, sai shiru. Ta jira.

"To, me kake jira?"

"Ai na taka, Yaya," ya ce a hankali. "Har yanzu ina kai."

Ya janye ƙafarsa, ya koma ya zauna. Bai tambaye ta tun yaushe ba. Can ya sa hannu zai mayar da takardar cikin jaka.

"Zan ce wa Noreen takardar ta ɓata."

"Ƙarya a wannan gaɓar? Kawo nan."

Ta karɓa, ta gyara tabarau, ta bi layukan da yatsa. Farkon kiɗan a murya ɗaya yake, ƙarshensa ma haka. Za ta iya daidaita fedojin da hannu kafin su fara, ta bar su yadda suke. Ta ɗauki fensir ta ja layi a kan nata kason na tsakiya, tun daga inda yawon ya fara har inda ya ƙare. Ta san abin da take sokewa, kuma ya yi mata ciwo.

"Zan shigar da kai, in kuma tarye ka a ƙarshe," ta ce. "Nan tsakiya zan ɗaga hannuna. Kai kaɗai za ka bi."

Wendell ya duba shafin. Wurin yana da tsawo.

"Ban taɓa bin wurin nan ba sai da kiɗanki a ƙarƙashina. Zai yi fayau, Yaya. Ba zan iya ba."

Glenda ta mayar da takalminta, ta jawo haf ɗin ta jingina a kafaɗa.

"Na sani," ta ce. "Ɗauko celonka. Gara ka fara koya tun ina kusa."