Hancin Tarcisio

Shekara hamsin da ɗaya Tarcisio ya yi yana haɗa giyar inabi mai suna Amarone a tuddan Valpolicella, can ƙasar Turawa, kuma babu wanda bai san hancinsa ba. Shi ke hawa soro ya shinshina inabin da aka shanya, ya ce a matse yau ko a ƙara masa mako. Shi ke bin gangunan giya ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ta nuna, waccan da saura.

Sai wata mura ta kwantar da shi. Ya warke garau, amma jin ƙanshi bai dawo ba. Shekara biyu yana ɓoyewa, yana aiki da ido da tsohon sani. Mutum ɗaya ya faɗa wa, Ornella, matar ɗansa Gualtiero, ranar da ta kai shi ganin likita. Ta dafa hannunsa ta ce, "Babu mai ji, Baba."

Gualtiero kuwa ya daɗe yana son makullin ɗakin ganguna. Kullum amsa ɗaya yake samu: "Sai ka binne ni."

Wata Lahadi da rana Gualtiero ya gayyaci maƙwabta cin abinci, har da Ermes, wanda shi ma mai gonar inabi ne, kuma ba sa ga maciji da tsohon tun suna samari. Ornella ta dafa naman doki da ya yi kwana biyu jiƙe cikin giya da albasa, ta tuƙa tuwon masara, ta yanko tsohon cuku. Gualtiero ya buɗe kwalba ya zuba wa mahaifinsa, don mai gida ne ke fara ɗanɗanawa.

Tarcisio ya miƙe. Launin ya yi daidai, ja mai duhu. Ya juya kofin, ya kai hanci, bai ji komai ba. Ya kurɓa, ya ji nauyi da ɗumi a maƙogwaro. Wannan giyar ai shi ya haɗa ta, ya san ta kamar yunwar cikinsa.

"Ƙanshin busassun 'ya'yan itacen ceri ne farko," ya ce. "Sai ɓaure da zabibi. Ga ganyen taba can ƙasa, ga ɗan ɗacin nan na ƙarshe da ke yanke maiƙon nama. Ku ci da cukun ma, ku gani. Zuba wa baƙi."

"Ka tabbata, Baba?" in ji Gualtiero.

"Ni kake tambaya?"

Gualtiero ya zagaya tebur yana zubawa a hankali. Ermes ne ya fara kai hanci, ya yi sauri ya kau da kai.

"Subhana! Tarcisio, wannan ai warin jiƙaƙƙen tsumma take yi. Murfin ya ɓata ta. Ko kare ya shinshina sai ya yi atishawa."

Sauran suka shinshina, suka ajiye kofuna. Wata ta toshe baki da mayafi. Ermes ya ce, "A ina ka ga ɓauren, mutumina? Nuna mana, mu ma mu tsinka." Nan fa dariya ta ɓarke.

"Tun watan jiya muka gane kwalbar ta lalace," in ji Gualtiero. "Muka mayar da murfin muka ajiye maka. Baba, shekara nawa kana sayar da sunanmu da mataccen hanci?"

Tarcisio ya dubi Ornella. Tana raba nama, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni maigidana kaɗai na faɗa wa," ta ce. "Sauran kai ka faɗa musu da bakinka. Miƙo farantinka."

Gualtiero ya buɗe tafin hannu a gabansa. Tsohon ya daɗe a tsaye kafin ya zaro makullin daga aljihu. Aka kawo wata kwalba mai kyau, aka ci aka sha, ana yaba naman. Babu wanda ya zuba wa Tarcisio.

Daga ranar, giyar kwali mai arha ta girki Ornella ke zuba masa tun daga kicin. Ta ce ba shi mai tsada asara ce. Maƙwabta kuma suka daina kawo masa tasu ya duba.

Ranar Kirsimeti ya sauke kai ya ce, "Gualtiero, ko rabin kofi ne, a ba ni ta gaske yau."

"Ita ce a gabanka, Baba."

Jikokinsa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Tarcisio ya ɗaga kofin ya duba ta hasken taga, ya kai hanci, ya daɗe a haka. Bai san ko gaskiya aka faɗa masa ba. Ya shanye, ya ce na gode.